Koyon tausa domin masu ciwon daji: wace hanya ce ta dace da mai neman horo a Nijar?

Tun da aka buɗe sashen gashi da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai a shekarar 2021, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, marasa lafiya da yawa waɗanda a da sai sun ƙetare iyaka kafin su sami wannan magani suna yin jinyarsu a gida, a hannun danginsu. Wannan ya fito da wata buƙata da ba a cika magana a kanta ba. Tiyata da shimiyo (wato magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashin na'ura suna yaƙar cutar, amma suna barin jiki da ciwo, da gajiyar da barci ba ya kawar da ita, da tashin zuciya, da fargaba, wani lokaci kuma da kumburin hannu ko ƙafa. Shi ya sa ma'aikatan jinya, da ungozomomin asibiti, da masu sana'ar tausa, da matasan da suka sami bakaloreya suke tambayar inda ake koyon tausar da ta dace da irin wannan jiki. Hanyoyin da ke gabansu ba ɗaya ba ne, kuma sun bambanta ƙwarai wajen tsawon lokaci, da tsada, da irin aikin da mutum zai iya yi idan ya kammala.

Kafin a auna hanyoyin, ya kamata a san abin da tausa take iya yi. Ba ta warkar da daji, ba ta rage girman ƙari, kuma duk makarantar da ta yi alkawarin haka, ko ta ce tausarta tana fitar da gubar shimiyo daga jiki, ta riga ta fallasa kanta. Amfanin da aka tabbatar ya tsaya ne a kan sauƙin wahala. A shekarar 2004 cibiyar Memorial Sloan Kettering ta birnin New York ta wallafa bayanan marasa lafiya 1,290 da aka yi wa tausa, inda aka ga ciwo da gajiya da damuwa da tashin zuciya sun ragu da kusan rabi, ko da yake ba a kwatanta su da wani rukunin da ba a yi wa ba. A 2008 kuma wani bincike a Amurka ya raba mutane 380 masu dajin da ya yi nisa gida biyu, aka yi wa wasu tausa, wasu kuma aka ɗora musu hannu kawai. Waɗanda aka yi wa tausa sun fi samun sauƙi nan take, amma bayan makonni bambancin bai ɗore ba, kuma ɗora hannun shi kaɗai ya yi amfani. A ganina wannan sakamako na biyu ya fi muhimmanci a gare mu, domin ya nuna cewa babban rabo na alherin yana cikin taɓawa mai natsuwa, ba cikin ƙarfin damtse ba.

A nan ne al'adarmu take buƙatar gyara. Mun taso muna yaba mai tausar da ke dannawa har ƙashi ya amsa, kuma ungozomar da ke gasa jikin mai jego ana auna gwanintarta ne da ƙarfin hannunta. Jikin mai ciwon daji ba ya ɗaukar wannan. Dajin nono da na furostat (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) suna yawan yaɗuwa zuwa ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu, su raunana ƙashin ta yadda dannawar da lafiyayye zai ji daɗinta za ta iya karya shi. Shimiyo tana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda a takardar awo ake rubutawa da sunan fulaket. Lafiyayyen mutum yana da su daga 150,000 zuwa sama a kowane ɗan ma'auni, kuma idan suka sauka ƙasa da 50,000 matsa tsoka na iya tara jini a ƙarƙashin fata. Fararen ƙwayoyin jini su ma suna faɗuwa, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, lokacin da murar mai tausa ko hannun da ba a wanke ba zai iya kwantar da majinyaci. Ciwon daji yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma sha-raɓar da ta kumbura ita kaɗai, tana zafi, ita ce ainihin wadda dangi za su ce a murza, alhali murzawar na iya tura gudan jinin zuwa huhu. Ga fatar da aka gasa da na'ura wadda ba ta son man zafi ko gugawa, ga yatsun da wasu magunguna ke hana su ji sosai har mutum ya kasa faɗin cewa an matsa masa da yawa. Tsoron da ya yaɗu cewa tausa tana watsa daji a jiki ba shi da hujja a bincike, amma duk da haka ba a danna kan ƙari.

Saboda haka ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi guda ne: shin tana koya wa ɗalibi ya gane lokacin da zai sassauta hannu, da wurin da zai kauce wa, da ranar da zai ce yau ba za a yi ba, a koma wurin likita? Kuma shin ya koyi hakan ne a gefen gadon majinyaci na gaske, malami yana tsaye a kansa?

Hanya mafi tsawo ita ce cikakken karatun kine, wato aikin motsa gaɓoɓi da farfaɗo da jiki, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira gashin ƙashi. A ƙasashe masu amfani da Faransanci karatun yakan ɗauki shekara uku bayan bakaloreya, kuma makarantar kine ta tsangayar kiwon lafiya a Kwatano da makarantar mataimakan likitoci ta ƙasa a Lome sun daɗe suna yaye ɗalibai daga yankin nan. A Jami'ar Bayero ta Kano ma akwai sashen, sai dai karatun da Ingilishi ne kuma ya fi tsawo. Abin da wannan hanya take bayarwa, babu wata da take bayar da shi: sanin ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi, iya karanta takardar likita, watanni na aiki a ɗakunan marasa lafiya, da kuma shaidar da ke ba mutum damar shiga asibiti a matsayin ma'aikaci, ba baƙo ba. Macen da aka cire wa nono tana buƙatar fiye da tausa. Kafaɗarta takan riƙe, tabon tiyata yakan manne, kuma idan ba ta iya ɗaga hannu sama da kai ba, kwanciya a na'urar gashi ma takan yi mata wuya. Wanda ya yi wannan karatu, wanda shi ma ake kiran sa kine, shi ne yake da ilimin warware wannan. Raunin hanyar shi ne ciwon daji ɗan yanki ne kawai a cikin manhajar da karaya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon baya suka cika, don haka sabon kine yakan fito da tushe mai ƙarfi amma ba tare da ƙwarewa ta musamman a wannan fage ba. Ga kuma nauyin shekaru ba albashi, da kuɗin makaranta da na zama. Wanda zai yi karatun a waje ya tabbatar tun kafin ya tafi cewa ma'aikatar kiwon lafiya za ta amince da shaidar idan ya dawo.

A ɗaya gefen akwai gajeren kwas na tausar masu ciwon daji, wanda ya fi bunƙasa a Amurka da Ingila da Ostireliya. Ƙungiyar Society for Oncology Massage ta Amurka ta ɗauki awa 24 a matsayin mafi ƙarancin kwas na share fage, kuma wannan adadi yana ruɗar mutane, su ɗauka cewa cikin kwana uku ko huɗu ana zama gwani. Gaskiyar ita ce an tsara kwas ɗin ne domin wanda ya riga ya yi ɗaruruwan awoyi yana koyon tausa, kuma abin da ake ƙara masa shi ne yadda zai rage, ba yadda zai fara ba. Ana koyar da tambayoyin da ake yi kafin a taɓa mutum, da yadda ake tallafe shi da matasan kai idan ba ya iya kwanciya rub da ciki, da ma'aunin nauyin hannu mai mataki biyar da malama Tracy Walton ta tsara, wanda matakinsa na farko bai wuce yadda uwa ke shafa wa jaririnta mai ba. Darasi ne mai kyau, kuma ina ganin kowane mai wannan aiki yana buƙatarsa. Matsalarsa a wurinmu biyu ce. Yawancinsa da Ingilishi ne, kuma abin da ke isowa Yamai ko Tawa galibi shi ne na intanet, wanda zai iya koya maka sunayen haɗura amma ba zai iya kama wuyan hannunka ya ce ka yi nauyi ba. Sannan an gina shi ne a kan majinyacin da aka gano cutarsa da wuri, mai cikakken fayil a kwamfuta, alhali namu sau da yawa yakan zo ne bayan cutar ta yi nisa, da takardun awo a cikin leda, wasunsu ma sun ɓace. Ga ma'aikaciyar jinya ko kine, kwas ɗin ƙari ne mai amfani. Ga wanda ba shi da wani tushe a aikin lafiya, takardar da za a aiko masa ta intanet ba ta isa ta sa a miƙa masa majinyaci ba.

Horon da na fi so a tsaya a kansa shi ne na kumburin da ke biyo bayan cire kaluluwa. Idan aka yi tiyatar nono aka cire kaluluwar hammata, ko aka gasa wurin, hanyoyin da ruwan limfa ke bi ya koma cikin jini sukan toshe, sai hannu ya fara cika. Bincike ya nuna cewa wajen mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin dajin nono takan gamu da wannan, kuma dajin bakin mahaifa kan jawo irinsa a ƙafa. Alamar farko ba ta da ban tsoro: zobe ya ƙi fita, awarwaro ya bar shaida a fata, hannun riga ɗaya ya matse har a kai wa tela ya buɗa shi. Idan aka bari, hannun yakan yi nauyi ya taurare, fatar ta riƙa kamuwa da ciwon da ke zuwa da ja da zafi da zazzaɓi.

Dabarar jan wannan ruwa da hannu ta samo asali ne daga Emil Vodder, mutumin Denmak, da matarsa Estrid, waɗanda suka gabatar da ita a Paris a 1936. Daga baya Michael da Ethel Földi a Jamus suka haɗa ta da naɗin bandeji da motsa jiki da kula da fata ta zama cikakken tsarin magani, yayin da a ƙasashen Faransanci aka fi sanin tsarin Albert Leduc na Beljiyam. A Amurka awa 135 ne ma'aunin cikakken horon. Wanda ya ga ana yi zai yi mamakin rashin ƙarfinsa. Ba a fara daga hannun da ya kumbura. Ana farawa ne daga gindin wuya da ɓangaren jikin da ke lafiya, domin a buɗe wa ruwan wurin zuwa. Tafin hannu yana kwanciya a kan fata ya ja ta kaɗan, ya sake ta, a hankali, ba tare da mai ba, ba tare da ya kai ga tsoka ba. Ana auna kaurin hannun da tef irin na tela a wurare da aka sa wa alama, a rubuta, a kwatanta da ɗaya hannun. Sannan a naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a sa auduga ko soso, a bi da bandeji marar talewa sosai daga wuyan hannu zuwa hammata, ƙasa ya fi sama matsewa. Majinyaciya takan ce, "'Yata, wannan ai shafa ce, ki danna mana," kuma wani ɓangare na aikin shi ne a yi mata bayani cikin ladabi: "Inna, ruwan a ƙarƙashin fata yake, idan na danna sai hanyar ta rufe."

Abin da ya kamata mai zaɓen wannan hanya ya sani shi ne naɗin ne ke yin mafi yawan aikin, ba tausar ba. Bincike da dama sun nuna cewa jan ruwa da hannu shi kaɗai, ba matsi, ba ya rage kumburi sosai. Ke nan kwas ɗin da ya koyar da motsin hannu na kwana biyu ya tsallake bandeji ya bar muhimmin rabin. Kuma a nan ne ƙasarmu ke gwada mutum: bandejin da ya dace da safar hannu mai matsi daga waje ake kawo su, suna da tsada, kuma ɗaukar naɗi mai hawa-hawa a watan Afrilu a Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, haƙuri ne babba ga mace mai girki da wanki. Mai wannan horo dole ya iya koya wa majinyaciya da 'yarta su naɗa da kansu, su wanke bandejin su shanya a inuwa, ya kuma san wanda ba a yi wa wannan aiki, kamar mai ciwon zuciyar da ta gaza ko wadda fatarta ke cikin kamuwa. Makarantun kirki ba sa karɓar kowa sai mai shaidar aikin lafiya, kuma ina ganin sun yi daidai. Ga kine da ke aiki kusa da asibitin haihuwa na Maternite Issaka Gazobi a Yamai ko cibiyar daji, ban ga ƙarin horon da ya fi wannan amfani ba, domin matan suna nan, masu iya aikin kuma kaɗan ne.

Sai dai yawancin masu ciwon daji a Nijar ba kumburin hannu ne babbar damuwarsu ba. Da yawa suna zuwa ne a lokacin da magana ta koma rage raɗaɗi, kamar magidanci mai dajin hanta wanda cikinsa ya cika da ruwa, ko tsohuwar da cutar ta shiga ƙashinta. A nan horon kula da masu jinyar ƙarshe ya fi kowane dacewa. Hospice Africa, wadda Dokta Anne Merriman ta kafa a Kampala ta Yuganda a 1993, tana gudanar da kwas na makonni ga ma'aikatan lafiya na ƙasashe masu Faransanci. Ba makarantar tausa ba ce. Tana koyar da auna ciwo, da amfani da maganin ciwo mai ƙarfi, wato morfin na sha, da kula da gyambo, da yadda ake magana da iyali. Amma a cikin wannan tsari ne taɓawa take samun gurbinta na gaskiya, domin ma'aikacin ya san cewa tausa ba ta maye gurbin maganin ciwo, tana tafiya ne tare da shi. Ya kuma san cewa sabon ciwon baya mai tsanani tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari alama ce ta cewa ƙari yana danne laka, abin da ke buƙatar likita a ranar, ba man shafawa ba.

Fa'idar wannan hanya da ta fi burge ni ita ce tana ninka hannuwa. Majinyacinmu ba ya kwana shi kaɗai. Akwai 'ya ko ƙanwa ko kishiya a kan tabarma kusa da gado, kuma ko an koya musu ko ba a koya ba, za su taɓa shi. Ma'aikaciyar jinya da ta zauna da su na ɗan lokaci ta nuna musu yadda ake ɗumama man kaɗanya a tafi, a shafa ƙafa da hannu da kafaɗa a hankali na minti goma ko goma sha biyar, a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, a juya mutum domin kada gadon bayansa ya yi gyambo, ta kuma nuna musu wuraren da ba a taɓawa, ta yi aikin da zai ci gaba kowane dare bayan an sallame su. Za ta kuma iya faɗa musu a fili cewa kada a kai kumburarren hannu wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, domin kowane yanka a wannan fata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Raunin hanyar shi ne ba ta mai da mutum ƙwararren mai tausa, kuma ba sana'ar da za a buɗe shago da ita ba ce.

Kwasa-kwasan tausa na gidajen gyaran jiki su ne mafi sauƙin samu da araha, kuma suna koyar da hannu mai laushi da tsabta da iya karɓar baƙo. A Faransa an ɗaga wannan fanni har ya shiga asibiti, inda makarantar CODES da ke asibitin jami'a na Tours take horar da masu gyaran jiki su yi aiki da marasa lafiya. Amma kwas na gama-gari da ba ya ambaton fulaket ko daskarewar jini share fage ne kawai, kuma mai shi bai kamata ya karɓi wanda ke kan shimiyo ba sai da ƙarin horo da yardar likitan da ke duba shi.

Idan aka ɗora waɗannan a kan mutane, zaɓin yakan fito da kansa. Matashiyar da ta gama sakandare kuma iyayenta za su iya ɗaukar nauyin shekara uku, ta yi kine, ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta nemi horon kumburi. Na ce matashiya da gangan, domin dajin nono da na bakin mahaifa su ne kan gaba a tsakanin matan ƙasar nan, kuma mace da yawa za ta gwammace ta zauna da ciwonta da ta buɗe ƙirjinta ga namijin da ba likitan tiyatarta ba. Ma'aikacin jinya ko ungozomar da ke da aiki da iyali, wadda ba za ta iya ajiye albashi ba, ta fi cin riba da horon jinyar ƙarshe, ta ƙara da gajeren kwas na tausa ko da na intanet ne, tunda tana da marasa lafiya da likitocin da za ta gwada abin da ta karanta a gabansu. Mai sana'ar tausa da ba shi da shaidar lafiya kuwa, hanyarsa ita ce ya yi kwas ɗin share fage, ya nemi wani kine ko likita ya yarda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya tsaya a kan tausa mai sauƙi ga waɗanda aka turo masa.

Ga wanda ke Tawa lissafin ya ɗan sauya. Tsakaninsa da Yamai akwai fiye da kilomita 500, kuma majinyacin da ya je can shimiyo ko gashi yakan dawo gida ne a daidai kwanakin da jininsa ke ƙasa, nesa da likitan da ya san fayil ɗinsa. Ma'aikacin da ke asibitin jiha, ko a Galmi, ko a Ƙonni da Madawa, shi ne zai fara ganin zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko ƙafar da ta kumbura dare ɗaya. Saboda haka a wurinsa sanin alamun haɗari ya fi kowace dabarar hannu daraja, kuma zurfafa a horon kumburi ba zai amfane shi ba sai ya tabbatar da hanyar samun bandeji a kai a kai. Kafin ya biya kuɗin kowane kwas, ya tambayi shekarun da malamin ya yi yana aiki da masu ciwon daji a asibiti, da adadin awoyin da ɗalibi zai yi yana taɓa majinyaci a gaban malami, da ko akwai wanda zai iya kira bayan an watse idan ya haɗu da abin da ya shige masa duhu. Ya kuma nemi a nuna masa takardar tambayoyin da ake cikewa kafin a fara tausa. Idan babu gurbin rubuta ranar shimiyo ta ƙarshe, da sakamakon awon jini, da ɓangaren da aka cire kaluluwa, to ya riƙe kuɗinsa ya nemi wata makarantar.